Yadda ake karɓar bayanan folda a asibiti, da yadda ake tambayar asibitin gwamnati ina kuɗi suka shiga

Abu biyu ne mutane suke cakuɗawa in sun je asibiti neman takarda, kuma cakuɗawar ce take sa a dawo da su hannu rabbana. Na farko bayanan lafiyarka kai da kanka, wato abin da ke cikin foldarka, sakamakon gwajin jini, hoto, maganin da aka rubuta maka, aikin da aka yi maka a tiyata. Na biyu kuma bayanan asibitin a matsayinsa na ma'aikatar gwamnati, nawa aka ware masa a kasafi, wa aka ba kwangilar gyaran ɗakin haihuwa, likitoci nawa ne suke karɓar albashi da sunan wurin. Ƙofarsu daban, dokarsu daban, hatta yadda ake rubuta wasiƙar daban ne. In ka ɗauki dokar 'yancin samun bayanai, wato FOI, ka je neman foldar babanka za a nuna maka sashe na 14 na dokar a ce bayanan majinyaci ba sa cikin abin da ake saki, kuma su ne da gaskiya.

Bari mu fara da foldar, don ita ce aka fi buƙata.

Ka cire rai da cewa za a miƙo maka foldar ka tafi da ita gida, ba za a yi ba, takardar ta asibiti ce kuma dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ɗora musu nauyin ajiye ta da tsare ta. Abin da yake haƙƙinka shi ne bayanin da ke ciki, a yi maka kwafi ko a rubuta maka rahoto. Abubuwa uku ne suka tsaya maka a nan kuma yana da kyau ka san sunansu ko don ka ambata a wasiƙa. Akwai ita dokar lafiyar ta 2014 wadda ta ce dole a sanar da mara lafiya halin da yake ciki da yaren da yake ji. Akwai kundin haƙƙoƙin majinyata da Osinbajo ya ƙaddamar a 2018, a ciki an rubuta ƙarara cewa mara lafiya yana da ikon samun bayanan jinyarsa cikakku kuma a kan lokaci, sau da yawa ma za ka gan shi manne a bangon asibiti ba mai karantawa. Sai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, sashe na 34 ya ba ka damar neman kwafin bayananka daga duk wanda yake riƙe da su, da kuma neman a gyara in akwai kuskure, kuma wannan ta hau kan asibitin kuɗi kamar yadda ta hau kan na gwamnati.

To kafin ka taka ƙafa ka fita, zauna ka tantance me kake so takamaimai, nan ne yawancin mutane suke ɓata wa kansu lokaci. Mutum ya je taga ya ce a ba shi rikod ɗinsa, ma'aikacin ya ce wanne, shi ma bai sani ba. In wurin aiki ko makaranta ko inshora ne suka nema, rahoton likita suke so, shafi ɗaya ko biyu da likitan da ya duba ka zai rubuta ya sa hannu. In wani asibitin za ka koma a cikin gida, takardar tura majinyaci da takardar sallama da kwafin gwaje-gwajen baya-bayan nan sun isa. In kuwa fita za a yi da mara lafiya zuwa Masar ko Indiya, to nan sai ka dage, rahoto kaɗai ba ya isar su, za su tambayi ainihin hoton sikanin a faifan CD ba takardar fassararsa kawai ba, in an yi aiki za su so bayanin da likitan tiyata ya rubuta ranar aikin, in ciwon daji ne kuma aka taɓa yankar ɗan nama aka kai lab to ka nemi a ba ka silaid ɗin da bulok ɗin, wato guntun naman da suke daskararwa cikin kaki su ajiye, saboda likitocin can sun fi son su sake dubawa da idonsu, in ba ka je da shi ba sai a ce a sake yanka, ga wahala ga kuɗi. Ka tambayi wanda ya aike ka ya rubuta maka jerin abin da yake so, ko a WhatsApp ne, da shi za ka rubuta wasiƙarka.

Sai lambar kati. Duk duniyar sashen rikod a kan lambar nan take tafiya, ba sunanka ba. In katin yana nan shikenan, ka ɗauke shi hoto a waya yanzu ma kafin ya ɓata. In ya ɓata duba tsofaffin rasit ko takardar magani ko sakamakon lab, yawanci lambar tana sama a gefe. In babu ko ɗaya za su iya nemo ka da suna da shekarar da ka zo da kilinik ɗin da aka gan ka, amma ka shirya haƙuri, don ranar da aka yanki katin wataƙila an rubuta Mohammed kai kuma Muhammad kake rubutawa, ko mace an buɗe mata da sunan miji yanzu tana nema da sunan uba, ga kuma ɗabi'armu ta yankar sabon kati duk lokacin da muka manta tsoho a gida, sai ka tarar mutum ɗaya folda uku kowacce da rabin labari. In ka san haka ta faru da kai ka faɗa musu tun farko a haɗe su.

Yanzu wasiƙa. Roƙon baki a taga ba ya barin shaida, gobe a ce ba ka taɓa zuwa ba. A asibitocin koyarwa irin su Malam Aminu Kano, ko na Shika, ko na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko na Maiduguri, ana rubuta wa shugaban asibitin ne, CMD. A ƙananan asibitocin jiha ka rubuta wa likitan da ke shugabantar wurin, a na kuɗi kuma mai asibitin ko daraktansa. Da turanci aka saba rubutawa, in ba ka iya ba duk wani shagon buga takardu zai yi maka, kai dai ka tabbata abubuwan nan sun shiga: cikakken sunanka yadda yake a katin, lambar katin, kilinik ko ɗakin da aka kwantar da kai, sunan likitan in ka sani, daga yaushe zuwa yaushe, jerin abin da kake so ɗaya bayan ɗaya, inda za a kai rahoton, lambar wayarka, sai sa hannu da kwanan wata. Ka maƙala fotokwafin katin asibiti da na katin shaida, NIN ko fasfo ko lasin tuƙi. Kar ka cika ta da labarin yadda nas ta yi maka tsawa, wannan wata wasiƙar ce daban, in ka haɗa su sai a mayar da takardarka ta ƙorafi a tura ta wani ofishin ta kwana biyu a can.

Ka buga kwafi biyu. Wannan shi ne matakin da na fi so ka riƙe a cikin duk bayanin nan. In ka je rajistirin ofishin shugaban, akawun zai karɓi ɗaya, kai kuma ka miƙa masa ta biyun ka ce ranka ya daɗe a taimaka a buga min sitamfin an karɓa. Zai jawo sitamfin daga aljihun tebur ya danna a kusurwa, ka tsaya ka ga ya rubuta kwanan wata a cikin layin kuma ya sa hannu, don wani lokacin sitamfin kawai ake bugawa a bar gurbin kwanan wata wayam, kuma sitamfi ba kwanan wata bai amfane ka da komai ba. Ka tambayi sunansa cikin ladabi ka rubuta a bayan takardar. Wannan kwafin ka adana shi inda kake ajiye takardun fili, duk abin da zai biyo baya, tuni ne ko ƙorafi ko kotu, a kansa zai tsaya.

Akwai kuɗi, kusan ko'ina ana biyan kuɗin rahoto da na kwafi, kuma kowane asibiti da nasa farashin, na fita waje yakan fi tsada. Ka biya a wurin biya, asibitocin tarayya ta Remita ko bankin da ke ciki, ka karɓi rasit ka yi fotokwafinsa. In wani ya ja ka gefe ya ce kawo a hannu zai fito maka da shi yau-yau, ka yi masa godiya ka wuce. Rahoton da aka yi ta bayan fage ba ya cikin fayil ɗin asibiti, ranar da ofishin jakadanci ko kamfanin inshora suka rubuto don tantancewa asibitin zai ce bai san da shi ba, kai ne za ka kwana a ciki.

Daga nan sai bibiya, kuma in ka san hanyar da takardar take bi ba za ka yi ta zagaye a banza ba. A babban asibiti daga ofishin CMD takan gangara wurin shugaban sashen kula da marasa lafiya wanda suke kira CMAC, shi ya tura wa shugaban sashen da aka duba ka, shi kuma ya ba kwansaltan ɗinka, wato babban likitan da ke kula da kai, a aika rikod su zaƙulo folda, ƙaramin likita ya rubuta, a buga, kwansaltan ya duba ya sa hannu, a koma da ita sama a buga hatimi. Kowane tebur a nan takarda tana iya kwanciya. Don haka in ka koma kar ka ce ina rahotona, ka ce takardata tana teburin wa yanzu, akawun zai buɗe littafin fita ya gaya maka ranar da ta bar wurinsa da inda ta nufa, sai ka bi ta can. Ka gano ranar kilinik ɗin likitanka don ranar ce ka tabbata yana nan, kuma sakatariyar sashen ita ce mutuniyarka, gaisuwa mai kyau a wurinta ta fi faɗa goma a taga. In ana yajin aikin likitoci kuwa sai dai haƙuri, abin da za ka iya samu a lokacin shi ne kwafin sakamakon lab da hoto tunda su ba sa jiran sa hannun kwansaltan.

Ranar da aka ba ka, kar ka ninke ka sa a aljihu. Tsaya a nan ka karanta ko ka ba wani ya karanta maka. Sunan ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi? Shekaru fa? Ƙafar dama aka yi wa aiki an rubuta hagu? Akwai sa hannu da sunan likita da hatimi, kuma a kan takarda mai tambarin asibiti aka buga? In ka ga kuskure a rahoton a nan take ya fi sauƙin gyarawa. In kuskuren a cikin foldar yake tun asali, misali an rubuta rukunin jininka ba daidai ba ko ba a rubuta cewa wani magani yana tayar maka da borin jini ba, ka rubuta takardar neman gyara, ba goge tsohon za su yi ba, ƙarin bayani za su rubuta da kwanan wata, kuma hakan ne daidai, domin canja abin da ke folda ba bisa ƙa'ida ba laifi ne da dokar 2014 ta sa wa tarar naira 250,000 ko ɗaurin da ya kai shekara 2 ko duka biyun.

Sai maganar foldar wani, nan ake yawan rigima a taga. Maigida ya zo ya ce matata ce ni na biya kuɗin, a ba ni sakamakonta. Dokar ba ta san wannan ba. Sashe na 26 na dokar lafiya ta 2014 ya ce bayanin mara lafiya sirri ne, ba a fitar da shi sai da yardarsa a rubuce, ko umarnin kotu, ko in ɓoyewar za ta zama babbar barazana ga lafiyar jama'a, ko kuma yaro ne iyayensa ko mai riƙonsa suka nema, ko wanda ba ya cikin hayyacinsa wakilinsa ya nema. Ni a ganina ma'aikacin da ya hana ka a nan ya kyauta, don gobe kai ma haka za a hana wani naka. Hanyar mai sauƙi ce, ita Hajiyar ta rubuta layi biyu cewa ta wakilta wane ya karɓar mata, ta sa hannu ko ta dangwala, a haɗa kwafin katin shaidarta da naka. Haka in Baba ne ya tsufa ba ya iya zirga-zirga. In mai foldar ya rasu kuma ana buƙatar rahoto don fansho ko banki ko inshora, ka tafi da takardar shaidar rasuwa da abin da zai nuna kai magaji ne, wasu asibitocin su karɓi takardar rantsuwa ta kotu, wasu sai sun ga takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga babbar kotu, ka tambaya tun ranar farko kar ka yi sahu biyu. In kuma maganar 'yan sanda ce, hatsari ko duka, yawanci su ne za su rubuto wa asibitin kuma su za a ba rahoton.

In an yi shiru har abin ya wuce misali, ka rubuta tuni ka maƙala kwafin nan mai sitamfi. In ba a motsa ba ka shiga ofishin SERVICOM na cikin asibitin, wato ofishin karɓar ƙorafin jama'a, a na jiha kuma ka kai hukumar kula da asibitoci ta jihar. Sama da nan akwai hukumar kare haƙƙin masu saye FCCPC wadda kundin 2018 yake hannunta, da hukumar kare bayanai NDPC wadda ake kai wa ƙorafin an hana mutum bayanansa. In kana zargin sakaci ne aka yi a jinyar, shawarata ka fara karɓar kwafin foldar shiru-shiru kafin ka ɗaga murya, sannan ka ga lauya ko ka kai wa majalisar likitoci MDCN.

Yanzu ƙofa ta biyu, tambayar asibitin gwamnati game da harkarsa. Nan ne dokar 'yancin samun bayanai take aiki, wadda Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2011. Abin da na fi so a dokar nan shi ne ba sai ka faɗi dalilin da ya sa kake tambaya ba, ba sai kai ɗan jarida ne ko lauya ba, ɗan kwamitin unguwa ko mai sayar da shayi a bakin asibitin duk ɗaya ne. Wanda bai iya rubutu ba ko yake da nakasa zai iya sa wani ya nema masa, har ma dokar ta ce in ka faɗa da baki jami'in ya rubuta ya ba ka kwafi, amma dai ka rubuta abinka ya fi. An daɗe jihohi suna cewa dokar ta tarayya ce ba ta shafe su ba, sai a watan Afrilun 2025 kotun ƙoli ta yanke cewa ta hau kansu su ma, a wata shari'a da ta taso daga jihar Edo, don haka asibitin jiha ba shi da wannan mafakar yanzu. Asibitin kuɗi zalla ba ya ciki, sai dai in yana amfani da kuɗin gwamnati ko yana yi mata wani aiki.

Sirrin wasiƙar FOI shi ne ka nemi takarda, kar ka nemi ra'ayi. In ka rubuta me ya sa asibitinku ba magani, za a amsa maka da muna iya ƙoƙarinmu, an gama. Amma in ka rubuta ina neman kwafin takardar da ke nuna kuɗin da aka saki wa wannan asibiti don sayen magani daga Janairu zuwa Disamban 2024, da sunayen kamfanonin da aka saya a hannunsu da adadin da aka biya kowanne, to ba wurin zamewa. In ƙaramin asibitin mazaɓa ne ka tambayi abin da ya shigo daga asusun kula da lafiya a matakin farko, BHCPF, wanda dokar 2014 ta ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, irin wannan gara ka rubuta wa hukumar lafiya matakin farko ta jihar ka ba mai kula da asibitin kwafi, don shi ba lallai takardun suna hannunsa ba. Kar ka jera tambaya talatin, uku ko huɗu masu kaifi sun fi, in da saura ka sake wata wasiƙar. A saman takardar ka rubuta cewa a ƙarƙashin dokar FOI ta 2011 kake nema, sannan maganar kwafi biyu da sitamfi da kwanan wata tana nan daram, a nan ma ta fi muhimmanci don daga ranar ake fara lissafi.

Kwana 7 doka ta ba su su amsa. Suna iya ƙara wasu kwanakin da ba su wuce 7 ba in takardun suna da yawa ko sai sun tuntuɓi wani, amma sai sun sanar da kai a rubuce. In bayanin yana wata ma'aikatar ne su za su tura can su gaya maka. In za su hana dole su rubuta dalili da sashen da suka dogara da shi, in kuma suka yi gum har wa'adin ya cika doka ta ɗauka sun hana ne. Kuɗin da za a caje ka na kwafi ne kawai, ba wani kuɗin bincike. Abin da ba za ka samu ba shi ne sunayen marasa lafiya da foldarsu da abin da ya gudana tsakanin likita da majinyaci, amma alƙaluma ba suna a jiki, kamar mata nawa suka haihu a wurin bara ko gado nawa ne a ɗakin yara, wannan ba sirrin kowa ba ne, in takardar ta haɗa duka biyun sashe na 18 ya ce su rufe ɓangaren sirrin su ba ka sauran, ka ambaci wannan a wasiƙar tun farko don toshe uzurin.

Gaskiyar magana, da yawa ba sa amsawa a kwana bakwai ɗin, wasu ma'aikatan ma ba su taɓa ganin irin wasiƙar ba, sai ka ga ana ta miƙa ta daga tebur zuwa tebur. In wa'adin ya cika ka rubuta tuni ka ba ma'aikatar lafiya kwafi, ta tarayya ko ta jiha gwargwadon mai asibitin, sau da yawa ganin an sa na sama a ciki yana motsa su. Sai dai kar tunin ya shagaltar da kai, kwana 30 kawai kake da su daga ranar da aka hana ko wa'adin ya cika ka shigar da ƙara a babbar kotun tarayya ko ta jiha, in ka bari suka wuce sai ka roƙi alƙali ya ƙara maka lokaci ko ka sake sabuwar wasiƙa lissafi ya faro daga farko. A kotun su ne za su kawo hujjar hanawar ba kai ba, in aka tabbatar sun hana ba bisa ƙa'ida ba akwai tarar naira 500,000, wanda ya lalata takarda ko ya canja ta don kar ka gani kuma ɗaurin aƙalla shekara 1 ne. In kuɗin lauya ne matsalar ka leƙa ƙungiyoyin da ke bibiyar kasafin kuɗi a jiharku ko reshen ƙungiyar lauyoyi, ka tafi musu da wasiƙar mai sitamfi da tunin da duk amsar da aka ba ka ko da layi ɗaya ce.